Takardun jabu da kiran wayar da ba a yi ba: yadda BBC ta sami hira da Gimbiya Diana

Ranar Litinin 20 ga Nuwamba 1995, mutum kusan miliyan 23 a Birtaniya suka zauna gaban talabijin suna kallon Gimbiya Diana tana amsa tambayoyin wani ɗan jarida mai shekara 32, Martin Bashir, a shirin Panorama na BBC. A nan ta faɗi maganar da har yau ake maimaitawa, cewa su uku ne a cikin auren, don haka wurin ya yi musu kaɗan. Ta yi maganar ciwon da ke sa ta ci abinci ta amayar, da yadda takan ji wa kanta rauni. Ta amsa cewa ita ma ta yi soyayya da wani hafsan soja, James Hewitt, ta kuma nuna shakka kan ko mijinta, Yarima Charles, zai iya ɗaukar nauyin sarauta. Wata guda bayan haka Sarauniya Elizabeth ta rubuta wa su biyun cewa gara su rabu. A watan Agusta 1996 aka raba auren.

Har yau babu wanda ya ce an sa wa Diana magana a baki, ko an yanka kalamanta an haɗa don su ba da wata ma'ana. Ita ta faɗi abin da aka watsa, da bakinta, tana cikin hankalinta. Shi ya sa wannan lamari ya fi sauran wuyar sha'ani ga mai koyon aikin jarida. Mun saba auna ɗa'ar ɗan jarida da abin da ya buga: gaskiya ne ko ƙarya, ya ji ta bakin kowa ko bai ji ba. A nan aibun yana kan hanyar da aka bi aka isa ƙofar gimbiyar, da kuma abin da manyan BBC suka yi a 1996 lokacin da aka kawo musu shaida har hannu. Sai da aka shekara 25 kafin tsohon alƙalin Kotun Ƙolin Birtaniya, Lord Dyson, ya warware zaren a rahoto mai shafi 127 da ya fito ranar 20 ga Mayu 2021.

Yadda aka ɗana tarkon

A lokacin, Diana da Charles sun kusa shekara uku ba sa tare, tun Disamba 1992. A Yuni 1994 Charles ya amsa a talabijin cewa ya ci amanar auren, don haka kowane gidan jarida na neman ya zama shi ne na farkon jin ta bakin Diana. Bashir ba ya cikin waɗanda ake sa wa rai. Ba wakilin fada ba ne, ba shi da kowa a can. Amma ya gane abu guda: Diana na cikin tsoro. Tana zargin ana sauraron wayarta, ana bin sawunta, na kusa da ita suna sayar da sirrinta. Tsoron kuwa ba daga sama ya faɗo ba, domin a 1992 jaridu sun buga wata hirar waya da ta yi a asirce, wadda wani ya naɗa. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu.

Bashir bai tunkare ta kai tsaye ba, sai ya bi ta wajen ƙaninta, Charles Spencer. Spencer na da wani tsohon shugaban masu gadinsa, Alan Waller, wanda suka rabu baram-baram har ta kai su kotu. Ta wannan ɓaraka Bashir ya shiga.

Wani dare ya je gidan Matt Wiessler, ƙwararren mai tsara zane a kwamfuta da ke yi wa Panorama aiki, ya ce yana son takardun bayanin asusun banki guda biyu kafin gari ya waye. Ya ce ya ga na ainihin da idonsa amma bai sami damar ɗaukowa ba. Ya faɗa masa sunan banki, da na mai asusu, da kwanan wata, da adadin kuɗi. Takarda ɗaya ta nuna fam 4,000 sun shiga asusun Waller daga News International, kamfanin da ya mallaki jaridun The Sun da News of the World. Ɗayar ta nuna fam 6,500 daga wani kamfani mai suna Penfolds Consultants a tsibirin Jersey, wurin da ya yi suna wajen ɓoye kuɗi. Wiessler ya kwana yana aiki, da safe direba ya kai wa Bashir takardun a filin jirgin sama na Heathrow.

Akwai dalilin da ya sa Wiessler bai ƙi ba. Sake zana takarda aiki ne na kullum a talabijin. Takardar ainihi takan zo a dishe, ko a yamutse, ko ɗauke da sunayen da dole a rufe, sai a ba mai zane ya fitar da ita tsaf yadda za ta karantu a allo. Sai dai inda ake aiki da tsari, edita ko furodusa kan ga takardar ainihin da idonsa ya ajiye kwafinta a fayil. Umarnin aikin kan fito ta hannun furodusan shirin. Zanen kan wuce ɗakin haɗa shiri kai tsaye, in kuma an nuna shi a allo sai a rubuta a jikinsa cewa kwaikwayo ne. A daren nan babu ko ɗaya da aka cika. Zane irin wannan gidansa allo ne. Da zarar an buga shi a takarda, aka sa a ambulan, aka fita da shi zuwa filin jirgi, ya tashi daga kayan aiki ya koma takardar jabu. Dyson ya wanke Wiessler sarai, ya ce bai san abin da za a yi da zanen ba, kuma ya yi abin da ya dace bayan ya fara zargi.

A farkon Satumba 1995 Bashir ya nuna wa Spencer takardun. Spencer ya ce sai da ya kira editan Panorama, Steve Hewlett, ya tambaye shi ko Bashir abin yarda ne, aka ce masa ƙwarai kuwa. Wato sunan BBC ne ya sayar da jabun. Da ɗan wata ƙaramar jaridar tsegumi ne ya kawo su, da Spencer ya yi dogon nazari. Mai sauraren Sashen Hausa, wanda aka buɗe tun 1957, ya san nauyin wannan suna, domin ya sha jin an kashe gardama a majalisa da cewa ai BBC ce ta faɗa.

Bayan 'yan kwanaki Bashir ya koma da abin da ya fi na farko muni: wasu takardun da ya ce suna nuna ana biyan Patrick Jephson, sakataren Diana, da Richard Aylard, sakataren Charles, kuɗi a asirce. Waɗannan ba Wiessler ya zana su ba. Dyson ya ce da alama Bashir ne ya ƙirƙire su da kansa. Jin haka Spencer ya ga ba zai iya yin shiru ba. Ranar 19 ga Satumba ya haɗa Bashir da yayarsa a wani gida a Landan, ya koma gefe yana rubuta abin da Bashir ke faɗa. Zarge-zarge ne fiye da 30, a kan 'yan fada, da ƙawayen Diana, da masu yi mata hidima. Kafin a tashi Spencer ya lura wasu maganganun sun saɓa da abin da Bashir ya faɗa masa a baya. Ya yanke cewa shaci-faɗi mutumin yake yi, ya ba yayarsa haƙuri kan ɓata mata lokaci, ya ɗauka magana ta mutu. Ashe ba ta mutu ba. Diana ta ci gaba da ganawa da Bashir ita kaɗai.

Ranar Lahadi 5 ga Nuwamba mutum uku, Bashir da furodusa da mai ɗaukar hoto, suka shiga Fadar Kensington da kyamara a cikin kwalaye, da sunan sun kawo kayan sauti. An haɗa shirin a wani otal a garin Eastbourne, nesa da idon abokan aiki. Ko shugaban majalisar gwamnonin BBC, Marmaduke Hussey, ba a gaya masa ba sai da aka gama, domin matarsa na cikin manyan matan da ke hidimar Sarauniya. Ana iya kare wannan sirri, tun da da fada ta ji, da ta yi ƙoƙarin hanawa. Amma sirri na da tsada. In aka rage idanun da ke kan labari, wajibi ne 'yan ƙalilan da suka rage su tsananta tambaya, kuma ta farko ita ce: yaya aka yi ka samu? Ƙaramin wakili ya kawo abin da manyan 'yan jaridar duniya suka nema suka rasa, murna ta rufe wannan tambaya.

"Ai da ma za ta yi magana"

Abu biyu ake kafa hujja da su don sassauta laifin, kuma dole a dube su da adalci. Na farko, Dyson da kansa ya ce Diana ta riga ta ƙudurta yin hira, kuma mai yiwuwa da ta yi ta da duk wani gogaggen ɗan jarida da ta amince da shi, ko da Bashir bai shigo ba. Na biyu, akwai takardar da ta rubuta da hannunta ranar 22 ga Disamba 1995, inda ta ce Bashir bai nuna mata wata takarda ba, bai kuma ba ta wani bayanin da ba ta riga ta sani ba, ta yarda da hirar ba tare da matsi ba, kuma ba ta yi nadama ba. Bashir, da ya nemi gafara a 2021 ya kira abin da ya yi wauta, a kan wannan ya tsaya: takardun ba su shafi shawarar da gimbiyar ta yanke ba.

A duba takardar da kyau. Ta ce ita ba a nuna mata komai ba. To, ƙaninta aka nuna wa, shi kuma ya buɗe ƙofa. Takardar ta amsa wata tambaya dabam da wadda ya kamata a yi. Sannan shaidar wanda aka yaudara cewa ba a yaudare shi ba, ba ta da nauyi sosai, domin da ya sani ai da ba a kira ta yaudara ba. Diana ta rubuta abin da ta yi imani da shi a Disamba 1995, ba ta kuma rayu ta ga abin da ya fito daga baya ba.

Hujjar farko kuwa ƙara wa laifin nauyi take yi. In da ma za ta yi magana, ke nan jama'a ba su ƙaru da komai daga ƙaryar ba. Bashir kaɗai ya ƙaru, shi ya sami hirar maimakon wani. Kuma amincewar majiya ba ta tsaya ga cewa "na yarda" ba. Ta haɗa da wa za ta gaya wa, da yaushe, da iya inda za ta tsaya, da wanda za ta nemi shawararsa kafin ta zauna gaban kyamara. Mutumin da aikinsa ne ya ba Diana irin wannan shawara shi ne Jephson, shi ne kuma aka nuna a matsayin ɗan leƙen asiri. Bai san da hirar ba sai da aka naɗe ta. A Janairu 1996 ya ajiye aiki, ya yi shekara fiye da 20 bai san abin da ya shiga tsakaninsa da uwar ɗakinsa ba. Wannan salo sananne ne ga duk wanda ya taɓa bincike kan masu damfara: a nemo tsoron da mutum ke da shi, a kawo masa takarda mai tabbatar da tsoron, a raba shi da masu iya ce masa ya dakata.

Yaushe ɗan jarida zai iya ɓoye fuskarsa

Aikin jarida bai haramta dabara gaba ɗaya ba. Ƙa'idojin 'yan jaridar Najeriya da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun ce a nemi labari ta hanyar gaskiya a fili, sai fa inda maslahar jama'a ta tilasta bin wata hanya. A 2018 wakilan BBC a Najeriya sun yi shigar masu saye, da kyamara a ɓoye, suka ɗauki ma'aikatan wasu kamfanonin magani suna sayar da maganin tari mai kodin ta bayan fage, suka kuma nuna matasan da ya lalata a wata cibiyar gyaran hali a Kano. Ba a rufa kwana biyu ba gwamnatin tarayya ta sanar da hana shigowa da maganin da haɗa shi. A can ma an ɓoye gaskiya. To, ina bambancin?

Bambancin yana cikin tambayoyin da edita nagari kan yi tun kafin a fita. Wa za a yaudara, mai laifin ne ko wani? Wace ɓarna ake son tonawa, kuma akwai shaidar farko da ke nuna tana faruwa, ko lalube ake yi a duhu? An gwada hanyar fili ta ƙi? Wa ya sa hannu a kan izinin, lauya ya duba? Daga ƙarshe, za a ba wanda aka ɗauka damar kare kansa, za a kuma gaya wa mai kallo yadda aka sami hoton? Wannan ta ƙarshe ita ce ma'aunin da ya fi sauƙi. Dabarar da ɗan jarida zai iya bayyanawa a cikin rahotonsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, yawanci tana da hujja.

A gwada Bashir da wannan ma'auni. Waɗanda ya yaudara ba masu laifi ba ne, mutane ne da ke cikin damuwa. Bai tona wata ɓarna ba, ƙirƙirar ta ya yi ya ɗora wa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Bai nemi izinin kowa ba. Kuma babu yadda za a yi ya buɗe shirin da cewa ya sami wannan hira ne bayan ya nuna wa ƙanin gimbiya takardun bankin da ya sa aka zana. Dyson ya ce wannan babban saɓo ne ga littafin ƙa'idojin BBC na 1993, sashen da ya wajabta mu'amala ta gaskiya da mutanen da ake neman labari a wajensu.

Binciken 1996

Ɗan jarida guda ya kauce hanya, wannan na iya faruwa a kowane gida. Abin da ake auna gidan da shi shi ne yadda ya yi bayan an gaya masa.

Da aka watsa shirin, hankalin Wiessler ya ƙi kwanciya. Ya aika wa wani furodusan Panorama, Mark Killick, kwafin takardun ta na'urar faks. Killick na ganin sunan Penfolds ya gane shi, domin sunan ya fito a wani bincike da shi da Bashir suka yi a baya kan harkokin kuɗin Terry Venables, kocin ƙwallon ƙafa. Me zai haɗa kamfanin da ke cikin labarin ƙwallo da mai gadin Spencer? Killick da abokan aikinsa biyu, Tom Mangold da Harry Dean, suka je wajen Hewlett, aka ba da shawarar a kira Spencer a tambaye shi. Amsar da suka ce sun samu ita ce babu ruwansu. Ba a jima ba aka cire Killick daga shirin. A Disamba kuma aka fasa gidan Wiessler aka ɗauke faya-fayan kwamfutar da zanen ke ciki.

Wiessler ya kai maganar ga manya biyu, Tim Gardam da Tim Suter. Suka tambayi Bashir, ya ce bai nuna wa kowa takardun ba. Aka nemi Diana ta rubuto, ta rubuto takardar nan, aka rufe fayil. A Maris 1996 jaridar Mail on Sunday ta fara tambayoyi. Gardam ya sake kiran Bashir, ya sake musantawa. Sai ranar 23 ga Maris, da ya ga jaridar na da bayani, ya amsa cewa ya nuna wa Spencer. Dyson ya ƙirga: sau uku ya yi wa shugabanninsa ƙarya a kan wannan batu. Gardam ya rubuta duk abin da ya faru da hannunsa kafin ya bar BBC zuwa wani aikin. Ranar 7 ga Afrilu jaridar ta buga labarin.

Ranar 17 ga Afrilu Tony Hall, shugaban sashen labarai, da Anne Sloman, wadda ta karɓi aikin Gardam, suka zauna da Bashir. Ya ba su sabon bayani, cewa ya riga ya saba da Diana kafin a zana takardun, don haka ba su ne suka buɗe masa ƙofa ba. Suka karɓa. Ranar 25 ga wata Hall ya gaya wa gwamnonin BBC cewa Bashir ya yi tuntuɓe, amma mutum ne mai gaskiya da mutunci. Ya kuma sanar cewa Wiessler ba zai ƙara yi wa BBC aiki ba, kuma za a ɗauki mataki kan masu fitar da sirri da masu tayar da fitina a shirin. An bar jaki ana dukan taiki.

Kowane kuskure a binciken nan ya saɓa wa abin da ake koya wa ɗan jarida a makonsa na farko. Mai binciken shi ne wanda ya taya Bashir murnar samun hirar, kuma darajar sashensa na rataye da ita. Da an ba wani daga wajen sashen, wanda ba shi da riba ko asara a sakamakon. Gardamar duka a kan jerin kwanaki take, wato wanne ya riga wanne, zana takardun ko haɗuwa da Diana. Irin wannan ba da kallon fuskar mutum ake warware ta ba. Ana jera kwanakin ne daga abin da aka rubuta: takardar biyan mai zane, littafin direbobi, bayanan kiran waya, littafin ajiyar lokaci na duk wanda abin ya shafa. Sannan mutumin da aka kama da ƙarya sau uku, duk abin da ya faɗa bayan nan ana ajiye shi gefe har sai an sami wani abin dabam da ya tabbatar da shi. Babu editan da zai buga labari da majiya guda mai irin wannan tarihi, amma da ita aka yanke hukunci.

Babban kuskuren kuwa, kamar yadda Dyson ya kira shi, shi ne rashin jin ta bakin Spencer. Mutum biyu ne suka san abin da aka nuna da ranar da aka nuna shi. An saurari ɗaya, ɗayan yana gidansa na Althorp da takardun da ya rubuta a ajiye. Sloman ta rubuta a lokacin cewa mai yiwuwa labarin Diana ya mutu, sai fa in Spencer ya yi magana, kuma babu alamar zai yi. Duk yadda aka karanta wannan jimla, ta nuna an san wanda amsar ke hannunsa. Dyson ya ce binciken ya gaza matuƙa, Hall ma ya amsa a 2021 cewa kuskure ne da ya kyautata wa Bashir zato.

Daga nan sai rufa-rufa. Ofishin hulɗa da manema labarai ya ce zanen na wani bincike ne da aka yi watsi da shi, ba shi da alaƙa da hirar Diana. Aka riƙa raɗa wa jaridu cewa hassadar abokan aiki ce ta haifar da maganar. BBC ba ta ambaci labarin a ko ɗaya daga cikin shirye-shiryenta na labarai ba. Dyson ya ce a kan waɗannan abubuwa ta kasa cika mizanin gaskiya da bayyana komai a fili da aka san ta da shi. Wannan ɓangare ya fi ciwo, domin gidan jarida ne ya yi wa 'yan jarida abin da yake zargin gwamnatoci da yi masa kullum.

Bayan shekara 25

Shirin ya ci lambobin yabo. Bashir ya koma ITV a 1999, daga can ya wuce Amurka, a 2016 kuma BBC ta sake ɗaukarsa wakilin harkokin addini, lokacin Hall ne babban darakta. Wani bincike na daga baya bai sami shaidar cewa an ɗauke shi don a toshe masa baki ba. A 2020, bayan wani ɗan jarida, Andy Webb, ya yi shekaru yana nema a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai, BBC ta saki wasu takardun 1996. Spencer ya ga a ciki an jingina masa cewa shi ya ba Bashir bayanan asusun Waller, sai ya fito da nasa rubutun. Allura ta tono garma. A Nuwamba aka naɗa Dyson.

Binciken ya ci kusan fam miliyan 1.4. BBC ta mayar da lambobin yabon. Bashir ya yi murabus kan rashin lafiya 'yan kwanaki kafin rahoton ya fito. Hall ya sauka daga shugabancin babban gidan zane-zane na ƙasa, Suter ya bar hukumar kula da kafofin sadarwa. 'Yan sanda sun ce ba za su buɗe binciken laifi ba. BBC ta biya diyya ga Jephson, da Killick, da Tiggy Legge-Bourke, mai renon 'ya'yan Diana, wadda aka yi wa ƙazafin soyayya da Charles da zubar da ciki. A 2022 ta ba ƙungiyoyin agaji fam miliyan 1.42 da ta samu daga sayar da hirar, babban daraktanta na lokacin, Tim Davie, kuma ya ce ba za su ƙara nuna ta ba.

Yarima William ya ce abin da aka yi ya ƙara wa mahaifiyarsa tsoro da zargi da kaɗaici a shekarunta na ƙarshe, kuma laifin bai tsaya kan wakili guda ba, ya haɗa da shugabannin da suka kau da kai. Spencer ya wuce nan, ya ce yana ganin alaƙa tsakanin haɗuwar 19 ga Satumba da rasuwarta a Paris ranar 31 ga Agusta 1997. Zafin ɗan'uwa abin fahimta ne, amma mai rahoto ya tsaya inda shaida ta tsaya. Binciken kotu na 2008 ya ɗora alhakin haɗarin kan tuƙin ganganci na direban motar da take ciki, wanda ya sha giya, da na masu ɗaukar hoton da suka bi motar. Wanda ke sukar ƙirƙira bai kamata ya miƙa zare ya wuce tsawonsa ba.

Wiessler kuwa, bayan an rufe masa ƙofar BBC a 1996, aiki ya ƙafe masa, kamfanin zanen da ya kafa ya durƙushe, daga ƙarshe ya bar sana'ar ya bar Landan. Bai san cewa da umarni aka daina kiransa ba sai da takardun suka fito. A Yuni 2021 Davie ya zauna da shi ido da ido ya ba shi haƙuri, daga baya aka biya shi diyya.